KAFIN KA BIYA KUƊIN FOM, KA JE DA YARON KU GA MAKARANTAR

Darasi domin iyayen da yaransu ke aji shida na firamare

Idan mutum za ya sayi akuya a kasuwa, ba ya fid da kuɗi sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya taɓa bayanta, ya sa an ja ta ya ga tafiyarta. Amma ga abin mamaki: da yawa a cikinmu mu kan ba da ɗanmu har shekara shida ga makarantar da ba mu taɓa taka ƙofarta ba. Mun ji sunanta a bakin maƙwabci, ko mun ga allonta a bakin hanya, ko kuwa wani ya miƙa mana takarda mai hoton bene bayan an tashi sujada. Shi ke nan, sai a sayi fom. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Yaron da ya shiga sakandare yana da shekara 11 ko 12, za ya fito yana da 17 ko 18. Idan makarantar kwana ce, a cikin kowace shekara kusan wata tara yana hannun waɗansu, wata uku kaɗai yana hannunka. Su ne za su ga ranar da muryarsa ta fashe. Su ne za su kasance kusa sa'anda 'yarka ta fara ganin al'ada. Ashe ya kamata ka san ko su wane ne.

Abin da ya sa iyayenmu ba su yi wannan tafiya ba

Wani za ya ce, "Ai ubana bai je ya duba makarantata ba, ga ni kuwa na zama mutum." Gaskiya ne. Amma a zamaninsa babu abin zaɓe. Makarantun sakandare a Arewa ana ƙidaya su da yatsu. Akwai kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya, ita ce Barewa. Mishan ta SUM ta buɗe sakandaren maza a Gindiri a 1950, ta 'yan mata kuma a 1958. SIM ta buɗe Titcombe a Egbe a 1951. Akwai Waka kusa da Biu, da waɗansu kaɗan a Kaduna da Zariya. Yaron da ya sami wuri a ɗayansu, gari duka ne ke murna, ba wanda ke tambayar yadda ɗakin kwana ya ke. Fasto ya san shugaban makaranta, shugaban makaranta kuma ya san fasto.

A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da yawa. St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul ta Zariya ta zama Kufena, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Daga baya kuma aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, har ya zama a unguwa ɗaya ta Jos ko Kaduna za ka ƙidaya sakandare goma. Ba na cewa tsofaffin sun lalace ko sababbin sun fi. Abin da na ke cewa shi ne, makarantar da ka sani shekara talatin da suka wuce, malamanta sun tafi, shugabanta ya sake sau da yawa, wataƙila mai ita ma ya sake. Sunan ka sani. Makarantar kuwa sai ka je.

Tambaya ta fari, tun ba ka zauna ba

Karatun sakandare a Nijeriya kashi biyu ne: shekara uku na ƙaramar sakandare, da jarrabawa a ƙarshensu, sa'an nan shekara uku na babba, inda yaro za ya rubuta jarrabawar WAEC ko ta NECO. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, da Turanci a cikinsu, ban da jarrabawar JAMB. Makarantun Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fara kafa su a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, ana shigarsu ta jarrabawar da NECO ke shiryawa. Na jiha da na ekklesiya da na masu zaman kansu, kowace da tata hanya da nata lokaci. Akwai kuma kwalejojin koyon sana'a, masu jarrabawar NABTEB. Kada ka rena su. Yaron da hannunsa ya fi bakinsa kaifi, wanda ya kwance rediyon gidanka ya mayar, wataƙila can ne wurinsa.

Ko wace iri ce, ka fara da wannan: "Malam, Ma'aikatar Ilmi ta amince da makarantan nan? A nan yaranku ke rubuta WAEC, ko kuwa ana kai su wani wuri?" Ka roƙa a nuna maka takardar amincewa da lambar cibiyar jarrabawa. Makarantar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya. Na san wani ɗan'uwa manomi da ya sayar da masara shekara shida yana biya, sai a aji na ƙarshe ya ji cewa za a kwashi yaran a mota a kai su wani gari su rubuta da sunan wata makaranta, da ƙarin kuɗi mai yawa. A can aka kama ana satar amsa, aka riƙe sakamakon cibiyar duka. Ɗansa bai saci kome ba, amma shekara guda ta tafi.

Idan kuwa wani ya rage murya ya ce maka, "A nan ba a faɗuwa, mu kan taimaki yara a ɗakin jarrabawa," to, ka yi masa godiya, ka kama hannun ɗanka ku fita. Ya riga ya gaya maka abin da za a koya wa yaron.

Wace rana za ku tafi

Kada ku je ranar ba da kyaututtuka ko ranar da aka gayyaci iyaye. Ran nan an share fili, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an yanka saniya. Ku je ranar Talata ko Laraba a tsakiyar zango, sa'anda ba wanda ke jiran baƙo. Ka aika da saƙo tukuna cewa kana so ka zo cikin makon, gama shugaban makaranta mutum ne mai aiki, kuma a kwanakin nan maigadi ba ya barin baƙo ya shiga haka kawai, yana da gaskiya kuwa. Ku isa da hantsi, ku zauna har a ci abincin rana.

A ganina watan Maris ya fi kowane wata. Lokacin ne rijiya ke ƙafewa, zafi ke tsananta, hatsin da aka saya da kaka ya kusa ƙarewa. Makarantar da ta iya riƙon yara a Maris za ta iya a Nuwamba. Idan ka sami dama ka sake leƙawa da damina, sai ka ga inda rufi ke yoyo, ka ga kuma ko mota tana iya shiga hanyar.

Uwar yaron ta je idan da hali. Ba sai na faɗi dalili ba.

Abin da 'yata ta gani

Shekarar da 'yata ta biyu ta ke aji shida, muka je makaranta uku ni da ita. Ta farin tana da ƙofa mai kyau da furanni. Aka sa mu a ofis mai fanka, aka kawo mana lemo mai sanyi, aka nuna mana kofunan da suka ci a wasanni. Ni dai zuciyata ta riga ta kwanta. Muna cikin magana sai yarinyar ta taɓa ni ta ce a hankali, "Baba, ina so in zaga." Aka haɗa ta da wata 'yar aji ɗaya ta raka ta.

Da muka fito bakin titi muna jiran mota, na ce, "To, 'yata, yaya kika gani?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Baba, bayan gidansu ba ƙofa. Guda huɗu ne, biyu sun cika. Yarinyar ta ce su kan jira dare su je bayan katanga." Na ce, "Sai me kuma?" Ta ce, "Ta tambaye ni ko ina da 'yar'uwa a manyan aji. Ta ce in ba ni da ita, zan yi wa wata wanki kowace Asabar, kuma ita za ta riƙe mini akwatin garina."

Na yi awa biyu a makarantan nan, ni da na yi aikin koyarwa, ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita a minti goma ta gani. Yara ba su ɓoye wa yaro abin da su ke ɓoye wa babba, kuma ana kai babba inda ake so ya gani, yaro kuwa ba wanda ke tsare shi. Domin wannan ne na ce ka je da yaron. Ka ba shi ɗan littafi da fensir, ka ce masa aikinsa shi ne ya duba, ya riƙe bakinsa, sai kun fito.

A cikin aji

Ka roƙi izini ka tsaya a bayan wani aji minti goma. Ka ƙidaya kawuna. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce kada aji ya wuce yara 40 ga malami ɗaya. Idan ka ƙidaya 90, ka sani malamin nan ba ya iya duba aikin kowa, kome ƙwazonsa.

Ko ba ka yi karatu mai zurfi ba, akwai abin da za ka iya yi. Ka karɓi littafin rubutu na wani yaro, na Lissafi ko na Turanci, ka buɗe daga baya. Yaushe jan biro ya taɓa shi? Idan kwanan watan da malam ya duba na ƙarshe ya yi wata biyu, ka sami amsarka. Ka tambaya malaman Lissafi nawa ne, shekara nawa kowannensu ya yi a nan. Masu bautar ƙasa suna taimako ƙwarai, amma shekara ɗaya su ke yi su tafi. Makarantar da ta jingina a kansu kaɗai, kowace shekara daga farko ta ke farawa. Idan an nuna maka ɗakin gwajin kimiyya, ka shafa tebur da yatsa. Ƙura za ta gaya maka ko ana shiga.

Ka kuma lura da fuskokin yara sa'anda malam ya wuce su a fili. Akwai shiru na ladabi, akwai shiru na tsoro. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ruwa, da tuwo, da wurin kwana

A nan ne na ke so mu daɗe, gama a nan ne yaro ya kan sha wuyar da ba ya iya rubutowa gida.

Ka ce a kai ka inda su ke ɗiban ruwa. Ka buga famfon da hannunka. Idan rijiyar burtsatse ce mai inji, ka tambaya me ake yi ranar da babu wuta ko inji ya lalace. Idan amsar ita ce rafi, ka tambayi nisansa, da wanda ke raka yara. Famfo ɗaya ga yara ɗari biyar, ma'anarsa ƙananan za su tashi ƙarfe huɗu na asuba su yi layi, manyan su zo su ture su, su kuma shiga aji suna gyangyaɗi. Sai a rubuto maka cewa ɗanka ba shi da ƙoƙari.

Ka shiga ɗakin kwana. Ka ƙidaya gadaje, ka tambaya yara nawa ke kwana. Ka duba tagogi, ko suna buɗuwa, ko akwai gidan sauro. Ciwon sanƙarau yana yaɗuwa ne da rani, a inda mutane suka cunkushe babu iska. Akwai rigakafi, a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara ba da sabuwar allura mai tsare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Ka tabbata an yi wa naka kafin ya tafi. Ka duba ƙofa kuma. Idan ana kulle ta daga waje da dare, kuma tagogi duk da ƙarfe, ka tambaya wa ke riƙe da mabuɗi, a ina ya ke kwana, ta ina yara za su fita idan wuta ta tashi. Wane babba ne ke kwana kusa da su? Idan siniyoyi ne kaɗai ke mulkin dare, to, yaro mai shekara 17 ne uban ɗanka.

Sa'anda aka buga ƙararrawar abinci, ka bi su. Kada ka yarda da takardar da aka manna a bango mai cewa Laraba shinkafa da kifi. Ka duba kwanon ɗan aji ɗaya, ba na babba ba. Ka ɗanɗana miyar. Wata uwa ta koya mini dabara: ta ce ita ta kan leƙa inda ake zubar da saura. Idan tuwo ya yi tudu a can, abincin ba ya ciwuwa. Idan kuwa ko ƙanzo babu, an lashe tukunya, to, ba ya isa.

Daga nan sai ɗakin shan magani. Akwai nas, ko kuwa akwati ne da farasitamol a ofis? Yaro ya kamu da zazzaɓi ƙarfe biyu na dare, wa za ya kai shi asibiti, da wace mota, asibitin kuma mil nawa ne? Yaushe ake kiran iyaye? Idan ɗanka yana da amosanin jini, ko asma, ko farfaɗiya, ko yana fitsarin kwance, ka faɗa tun ran nan, ka ga yadda fuskar shugaban za ta yi. Ɓoyewa domin a karɓe shi ba ƙauna ba ce.

Gini da tsaro

Ran 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rushe a unguwar Busa Buji cikin Jos, yara suna cikin aji, mutum 22 suka mutu. Ba sai kai magini ne ba kafin ka ga tsaguwar da ta bi bango daga sama har ƙasa, ko bene da aka ɗora a kan ginin da aka yi domin hawa ɗaya, ko gini a bakin rafi. Ka duba, ka tambaya.

Maganar tsaro kuwa, dukanmu mun san ta da hawaye. Buni Yadi a Fabrairu 2014. Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, 'yan mata 276. Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, makarantar Bethel ta Baptist kusa da Kaduna a Yuli 2021. A Kuriga kuma, a Maris 2024, da safe aka zo, ba da dare ba. Ba na kawo waɗannan domin in sa ka tsare yaro a gida. Masu wannan aiki abin da su ke so ke nan. Amma dā iyayenmu sun fi son makarantar da ke can cikin daji, nesa da rigimar gari. Yau dole mu auna wannan da wani ma'auni. Ka zaga katangar da ƙafarka har bayanta. Me ke bayan ɗakin kwanan 'yan mata, gidajen mutane ko daji? Ina ofishin 'yan sanda ko sansanin soja mafi kusa? Wayar hannu tana kamawa a wurin? An taɓa koya wa yara abin da za su yi idan suka ji harbi? Sa'an nan ka fita ka zauna wurin mai shayi ko mai faci a bakin hanya, ka yi gaisuwa, ka tambayi lafiyar gari. Su ba su da fom da za su sayar maka.

Idan akwai makarantar jeka-ka-dawo mai kyau kusa da gida, kada ka ga kamar ka gaza domin ka zaɓe ta.

Ranar Lahadi

Ka tambaya a fili yadda yaro za ya yi sujada. A makarantar gwamnati, akwai wurin taruwa? Akwai malamin da ke koyar da darasin addinin Kirista? Ƙungiyar FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, tana da reshe a makarantu da yawa na Arewa. Ka nemi malamin da ke kula da ita ku gaisa, ka karɓi lambarsa. A makarantar ekklesiya kuma kada sunan ya sa ka rufe ido. Duk tambayoyin da ke sama, ka yi mata su kamar yadda za ka yi wa kowace. Ɗanka za ya zauna benci ɗaya da yaran Musulmi da na waɗansu kabilu. Ka lura ko suna cin abinci tare, suna buga ƙwallo tare, gama da su za ya yi zaman ƙasan nan.

Kuɗi

Ka ce a rubuta maka dukan abin da uban ɗan aji ɗaya ya biya bara, zango uku, har da tufafi, da littattafai, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da na gini. Ka ƙara kuɗin mota na kaiwa da ɗaukowa da ranakun ziyara. Ka tuna da ƙannensa da ke tafe. Gara makarantar da za ka iya biya shekara shida da wadda za a koro shi a aji uku.

A kan hanyar komawa

Kada ka fara faɗin ra'ayinka, gama yaro mai ladabi za ya bi bakinka. Ka saya masa gyaɗa, ka bar shi ya buɗe ɗan littafinsa. Kada ka tambaye shi, "Kana so?" Ka ce, "Me ka gani da ni ban gani ba? Wa ya yi maka magana? Me ya ba ka tsoro?" Wani abin da za ya faɗa na yarinta ne, kamar kyan riga ko girman filin ƙwallo, ko cewa abokinsa can za shi. Ka saurara duk da haka. Yanke shawara naku ne, kai da uwarsa, ka kuma gaya masa haka tun kafin ku tashi daga gida, domin kada ya ga an yaudare shi. Amma idan kun zaɓi wadda ba ita ya so ba, ka ba shi dalili kamar yadda za ka ba babba. Kuma kada ku sa rai ga makaranta ɗaya tak. Ku nemi biyu ko uku, gama jarrabawar shiga tana iya ƙi, kada yaro ya ɗauka duniya ta ƙare.

Mu dai, makaranta ta biyu ta fi ƙarfin aljihuna, na kuwa faɗa wa yarinyar gaskiya a cikin mota. Ta ukun ba ta da furanni, fentin bangonta ya koɗe. Shugabar, wata dattijuwa, ba ta ba mu lemo ba. Ta ce, "Malam, ni ina da aji yanzu. Ga wannan yarinya, ta kai ku duk inda ku ke so." Muka shiga kicin, muka buga famfo, muka ƙidaya gadaje. Littafin Lissafin da na buɗe, jiya aka duba shi. Da za mu tafi, shugabar ta fito daga aji da alli a hannunta, ta dubi 'yata ta ce, "Ke kuma, me ki ke so ki tambaye ni?" Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Mama, idan babba ta ƙwace mini abinci, wa zan gaya wa?" Dattijuwar ta nuna wani ɗan gida mai koren ƙofa, taku ashirin daga ɗakin kwanan aji ɗaya. Ta ce, "Can na ke kwana. Ki buga ko da tsakar dare ne."

Bayan mako biyu uwarta ta je ita ma ta duba, ba tare da ni ba. Ta dawo da abu biyu da ba mu gani ba: igiyar shanya ba ta isa ba, kuma babu fitila a hanyar bayan gida. Muka sayi fom, muka sayi tocila.